Frederick Jones, Makaniken Da Ya Ɗora Sanyi A Bisa Mota

A ran 17 ga Mayu, 1893, aka haifi Frederick McKinley Jones a ƙasar Amurka. Ubansa Bature ne, asalin mutumin Ailan, uwarsa kuwa baƙar fata ce. Tun yana ƙarami ya rabu da su, aka ba da shi riƙo a gidan wani limamin coci. Zamansa a makaranta bai yi nisa ba, don yana ɗan shekara 11 ya bar ta, ya sami aikin shara a wani gareji a birnin Cincinnati. Yana shara yana leƙen masu kwance injuna, har da ya kai shekara 14 shi ma ya zama makanike.

Cikin 1912 ya koma Hallock, wani ɗan gari na Jihar Minnesota kusa da iyakar Kanada, yana gyaran injunan wata babbar gona. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo aka kai shi Faransa, ya yi wa sojoji aikin lantarki, ya sami muƙamin saje. Bayan ya dawo ya shiga ƙera motocin tsere, ya haɗa wa garin na'urar watsa rediyo, kana ya ƙago wata dabara ta sa hoton sinima ya riƙa fita tare da magana. Labarin wannan ya kai kunnen wani ɗan kasuwa na Minneapolis, Joseph Numero, ya ɗauke shi aiki.

To, a 1938 wani abokin Numero mai manyan motoci ya kawo kukansa, wai lodin kajinsa ya ruɓe a hanya. A zamanin nan ƙanƙara da gishiri ake jibgawa a cikin mota, in tafiya ta yi tsawo ƙanƙarar ta narke, shi ke nan dukiya ta salwanta. Injin sanyi kam akwai shi a gidaje da kantuna, amma na zaman wuri ɗaya ne, girgizar hanya kwance shi take yi. A nan tseren motar Jones ya yi masa rana, gama ya riga ya san yadda ake ɗaure ƙarfe ya jure wa jijjiga. Na farkon da ya haɗa a ƙarƙashin mota aka liƙa shi, taɓo da ƙura suka yi ta toshe shi. Sai ya rage masa nauyi, ya mai da shi goshin akwatin kaya, can sama, inda har yau ake ganin irinsa. Numero ya sayar da cinikinsa na sinima, suka kafa kamfanin da daga baya aka sani da suna Thermo King.

Amma samun sanyi rabin aikin ne, abin da masu karatu da yawa za su yi mamakinsa shi ne sanyin da kansa yakan zama abokin gāba. Duk sa'ad da aka buɗe ƙofa iska mai laima takan shiga, laimar ta daskare a jikin bututun da ke tsotse zafi. Sannu a hankali ƙanƙara ta lulluɓe shi kamar bargo, ta toshe hanyar iska. Injin yana ta ruri, kaya kuwa suna ɗumi. Turawan da ke doguwar tafiya a motocin nan masu ɗakin kwana da firji a ciki sun san wannan wahala. Sai su tsaya, su kwashe abinci, su kashe firjin, su sa kwanon ruwan ɗumi su jira, wanda ya yi gaggawa ya sa wuƙa kuwa yakan huda bututu. Direban da ya ɗauko lodin nama ba shi da wannan sukuni. Jones ya daɗe a kan matsalar, a 1954 ya sami takardar mallakar wata hanya ta narkar da ƙanƙarar. Injunan manyan motoci na yanzu sukan juya zazzafan tururin cikinsu ya bi ta bututun na ɗan lokaci, ƙanƙara ta tsiyaye waje, mota ba ta tsaya ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu da injunansa aka riƙa kai wa sojojin Amurka jini da magani da abinci. Cikin 1944 ƙungiyar injiniyoyin sanyi ta Amurka ta karɓe shi, shi ne baƙar fata na farko da ya shiga cikinta, a lokacin da wariyar launi ke da ƙarfi ƙwarai a ƙasar. Takardun mallakar ƙirƙirarsa sun kai 61, 40 daga ciki a kan sanyi ne.

Ciwon dajin huhu ya kama shi, ya rasu a Minneapolis ran 21 ga Fabrairu, 1961. Sai bayan shekara 30, watau a 1991, Shugaba George Bush ya ba shi lambar girma ta fasaha ta ƙasa tare da Numero, wanda shi ma ya riga ya rasu. Matansu ne suka karɓa.