JEFRI COSA: MA'AIKACIN KWASTAN DA YA ZAMA UBAN WAƘAR TURANCI

Duk wanda ya ɗauki darasin adabin Turanci a cikinmu ba zai manta da sunan da ake rubutawa Geoffrey Chaucer ba, wanda a bakinmu ya koma Jefri Cosa. Tsohon Turancinsa ya sha ba mu ciwon kai, domin kalmomin sun yi kama da waɗanda muka sani, amma rubutunsu da furucinsu daban. Abin da yawancinmu ba mu tsaya muka duba ba a lokacin shi ne mutumin kansa. Shi dai ma'aikacin gwamnati ne kamar da yawa daga cikinmu a yau, ya yi aiki a ƙarƙashin sarakuna uku, kuma waƙa aikin bayan tashi daga ofis ce a wurinsa.

An haifi Cosa a birnin Landan wajen shekarar 1342. Mahaifinsa, Jon Cosa, attajiri ne mai fataucin ruwan inabi, yana kuma da hulɗa da fadar sarki. Yana ɗan yaro annobar da ta ratsa Turai ta iso Ingila a 1348, ta kashe wajen kashi ɗaya cikin uku na jama'ar ƙasar ko fiye. Iyayensa sun tsira, har ma sun gaji dukiyar dangin da annobar ta tafi da su.

Sunansa ya fara bayyana a rubuce a 1357, cikin littafin lissafin gidan Gimbiya Elizabet, matar Yarima Layonel ɗan Sarki Edwad na Uku, inda aka rubuta kuɗin tufafin da aka ɗinka masa a matsayin yaron gida. A 1359 ya bi rundunar sarki zuwa yaƙi a Faransa, aka kama shi kusa da birnin Rims. A watan Maris na 1360 aka fanshe shi, sarki ya ba da fam 16 a cikin kuɗin fansar. Wajen 1366 ya auri Filifa, wadda ke hidima a wurin matar sarki. 'Yar'uwar Filifa ce daga baya ta auri Yarima Jon na Gont, babban mai faɗa a ji a Ingila ta wancan zamani. Babbar waƙarsa ta farko ma ta ta'aziyya ce ga wannan yarima, bayan rasuwar matarsa ta fari, Bilanci, a 1368.

Daga nan sai ya zama manzon sarki. A 1372 aka tura shi Italiya don tattauna harkar ciniki da mutanen Jenowa, ya kuma biya ta Fulorans. A 1378 aka sake aika shi, wannan karon zuwa Milan. Tafiye-tafiyen nan ne suka haɗa shi da rubuce-rubucen Dante da Fetrak da Bokaciyo. Dante da Bokaciyo musamman sun rubuta manyan ayyukansu da harshen da mutanensu ke magana da shi a gida da kasuwa.

A nan ya kamata mu ɗan tsaya. Tun da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a, Latin kuwa na coci da malanta. Turanci harshen talakawa ne, na manoma da 'yan kasuwa. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa yin muhawarar shari'a da Turanci. Cosa ya iya Faransanci da Latin da Italiyanci. Abokinsa Jon Gawa ya rubuta manyan waƙoƙi da Faransanci da Latin da Turanci, amma duk abin da ya iso gare mu da sunan Cosa da Turancin Landan yake. Ba shi kaɗai ne ke rubutu da Turanci a lokacin ba, sai dai shi ne ya fi kowa nuna cewa harshen zai iya ɗaukar falsafa da soyayya da ban dariya duk a wuri guda. Harshen da a yau muke ganin ba a samun aiki sai da shi, akwai lokacin da masu shi ma suke ganin bai isa a rubuta ilimi da shi ba.

A watan Yuni na 1374 aka naɗa shi mai binciken kuɗin kwastan na gashin tumaki da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan. Gashin tumaki shi ne babban abin da Ingila ke fitarwa waje, harajinsa kuwa shi ne ginshiƙin baitulmalin sarki. Sharaɗin aikin shi ne ya rubuta lissafi da hannunsa. Masu karɓar harajin da yake bincika manyan attajirai ne da sarki kansa ke cin bashinsu, saboda haka kujerar ba ta hutu ba ce. Shekara 12 ya yi a kanta, yana zaune a wani gida da ke saman ƙofar gari ta Olget wanda hukumar birni ta ba shi ba tare da kuɗin haya ba. Ta wannan ƙofa ce wasu daga cikin talakawan da suka yi bore a 1381 suka shigo Landan. A cikin waɗannan shekaru ya fassara littafin falsafa na Bo'itiyas daga Latin, ya kuma rubuta labarin Toroilas da Kiriseda, waƙa mai layi fiye da 8,000. A wata waƙarsa ya yi wa kansa dariya, yana nuna mutumin da in ya gama lissafin ofis sai ya koma gida ya dukufa kan wani littafin har idanunsa su yi duhu, bai san ma abin da maƙwabtansa ke ciki ba.

A 1386 ya shiga majalisar dokoki a matsayin wakilin lardin Kent. Kafin ƙarshen shekarar ya rabu da aikin kwastan da gidan Olget, daidai lokacin da masu adawa da fadawan Sarki Ricad na Biyu suka yi ƙarfi. Matarsa ta rasu wajen 1387. A 1388 aka yanke wa wasu da ya sani hukuncin kisa saboda kusancinsu da sarki. Shi ya kuɓuta. Da sarki ya sake riƙe ragamar mulki a 1389, sai ya naɗa shi mai kula da gine-ginen sarauta, ciki har da Hasumiyar Landan da fadar Wasminista. Aikin ya ƙunshi yawo da kuɗin biyan magina da leburori, kuma a watan Satumba na 1390 'yan fashi suka tare shi fiye da sau ɗaya a cikin 'yan kwanaki, suka ƙwace dokinsa da kuɗin sarki. A 1391 ya bar wannan muƙami.

A cikin wannan hali na rashin tabbas ya fara Hikayoyin Kantabari, wajen 1387. Mutum 29 suka haɗu a wani masauki a unguwar Sadak, a tsallaken kogin Tems, za su ziyarci kabarin Tomas Beket, babban limamin coci da aka kashe a 1170. Mai masaukin ya kawo shawarar kowa ya ba da labari biyu a tafiya, biyu a dawowa, wanda ya fi kowa iya labari a saya masa abinci. Da an cika alkawari da labaran sun kai wajen 120, amma 24 kawai ya bari, wasu ma bai ƙarasa su ba. A cikin ayarin akwai barde, da ɗan kasuwa, da lauya, da mai niƙa, da kuku, da ɗalibin Okusfod wanda ya fi son littattafai a kan sutura, da matar garin Bat mai aure biyar, da mayaudarin da ke sayar wa talakawa takardun yafe zunubi, da limamin ƙauye matalauci wanda yake fara aikata abin da yake wa'azi a kai. Kowa ya ba da labari daidai da halinsa. Wanda ya shekara 12 yana kallon masu shige da fice a kwastan ne zai san mutane haka. A jerin masanan da likitan ayarin ya karanta kuwa, Cosa ya ambaci Razi da Ibn Sina da Ibn Rushdi. Wajen 1391 ma ya rubuta wa ɗansa Luwis, mai shekara 10, littafi da Turanci mai sauƙi kan usturlabi, wato na'urar auna taurari da malaman Musulmi suka inganta.

Ƙarshen rayuwarsa ya zo da matsalar da ma'aikata suka sani. A 1394 sarki ya yanka masa fam 20 a shekara, amma kuɗin ba ya zuwa a kan kari, har an kai shi ƙara kan bashi. Da Henri na Huɗu ya hamɓare Ricad a 1399, Cosa ya aika masa da gajeriyar waƙar barkwanci yana kuka da jakar kuɗinsa da ta bushe. A watan Disamba na shekarar ya kama hayar gida a harabar cocin Wasminista na tsawon shekara 53. Bai cika shekara guda a ciki ba. Rubutun da ke kan kabarinsa ya nuna ya rasu ranar 25 ga Oktoba, 1400. An binne shi a cikin cocin a matsayinsa na bawan sarki kuma mazaunin harabar. Sai a 1556 aka gina masa kabari na musamman, daga baya aka riƙa binne marubuta kusa da shi, har wurin ya zama Kusurwar Mawaƙa.

Takardun hukuma kusan 500 ne suka ambaci sunansa: na albashi, na naɗi, na tafiye-tafiye, na shari'a. Babu ko ɗaya da ta kira shi mawaƙi. Hikayoyinsa kuwa sun tsira a rubuce-rubucen hannu fiye da 80, kuma suna cikin littattafan farko da Wiliyam Kakston ya buga bayan ya kafa maɗaba'a a Ingila a 1476.

Ina kira ga 'yan'uwa, musamman mu da ke aikin gwamnati, kada fayil ya raba mu da karatu, kuma kada mu raina rubutu da harshenmu. Wanda ke da tsohon littafinsa na adabi a akwati, ya fito da shi ya sake dubawa, ko ya miƙa wa ɗakin karatun makarantarmu don ƙannenmu su amfana. Malamanmu da suka jure mana muna tuntuɓe da wancan tsohon Turanci, Allah ya saka musu da alheri, waɗanda suka riga mu gidan gaskiya kuma Allah ya jiƙansu.