Justus von Liebig: Malamin da ya sayi kayan gwaji da albashinsa

An haifi Justus von Liebig a birnin Darmstadt na ƙasar Jamus a shekarar 1803. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da fenti da sinadarai, kuma a wurinsa yaron ya fara sha'awar haɗe-haɗen sinadarai.

Bayan ya yi karatu a Paris, aka naɗa shi farfesa a Jami'ar Giessen a 1824, yana da shekara 21. Tsohon ɗakin masu gadin barikin soja aka ba shi ya yi aiki a ciki, kuɗin da hukuma ta ware don kayan aiki kuwa bai taka kara ya karya ba. A wancan zamani galibin ɗaliban kimiyyar sinadarai sauraron lacca kawai suke yi. Liebig ya dage sai ɗalibi ya gwada da hannunsa, don haka ya riƙa cike giɓin daga albashinsa.

A 1831 ya ƙera wata 'yar na'urar gilashi mai ƙwallaye biyar, wadda ta sauƙaƙa auna yawan sinadarin kabon. Aikin da a da sai ƙwararre, ya zama ɗalibi ma yana iya yinsa. Ɗalibai suka yi ta tururuwa daga Ingila da Amurka, har gwamnatin Hesse ta faɗaɗa ɗakin gwajin a 1839. Jami'o'i da dama suka kwaikwayi tsarinsa.

Littafinsa na 1840 kan sinadarai da noma ya share fagen takin zamani. Ya koma Munich a 1852, ya rasu can a 1873. Yau Jami'ar Giessen sunansa take ɗauke da shi.