Tarihin Leon Theremin: daga kiɗan hannu a iska zuwa kunnen leƙen asiri

Wanda ya taɓa kallon masu jitar lantarki a bikin aure, daga Agadas har Sabha ta ƙasar Libiya, ya san ɗan akwatin nan da makaɗi ke takawa da ƙafa, sautin jita ya sauya nan take. A yau akwai masu haɗa irin wannan akwati a gida, har su ɗaura wa makaɗi 'yar na'ura a tsintsiyar hannu, motsin jikinsa ya riƙa juya sautin. Tushen wannan dabara yana wurin wani ɗan Rasha, Lev Termen, wanda duniya ta fi sani da Leon Theremin.

An haife shi a birnin Saint Petersburg cikin watan Agustan 1896. Ya karanci kimiyyar fiziks, ya kuma koyi kaɗa babban gogen Turawa da ake kira cello. A 1920 yana aiki a cibiyar binciken Abram Ioffe, yana haɗa wata na'urar auna iskar gas. Da ya sa mata sauti, sai ya lura cewa duk lokacin da hannunsa ya matso kusa, muryar na'urar takan sauya. Dalili kuwa, jikin mutum yana riƙe ɗan cajin lantarki, kusantarsa kaɗai ta isa ta canja saurin kaɗawar lantarkin da ke ciki. Wani injiniyan da sai ya ɗauki wannan a matsayin matsala, ya gyara. Shi da yake makaɗi ne, sai ya soma neman waƙa a ciki.

Haka aka samu kayan kiɗan da ke ɗauke da sunansa: akwati mai eriya biyu. Hannun dama na kusantar tsayayyar eriya don ɗaga murya ko sauke ta, na hagu na shawagi bisa lanƙwasasshiyar don ƙara ƙarfi ko ragewa. Ba a taɓa komai. A 1922 ya nuna wa Lenin, a 1927 ya cika zauren Opera na Paris, a ƙarshen shekarar ya sauka New York. Kamfanin RCA ya sayi izinin ƙera ta a 1929, amma karyewar tattalin arzikin wannan shekara ta kashe kasuwar, ga shi kuma kaɗa ta daidai ba wasan yara ba ne. Bai tsaya nan ba. A 1932 ya ƙera wani dandamali, Terpsitone, wanda mai rawa ke hawa, jikinta gaba ɗaya ya zama abin sarrafa sauti.

A Amurka ya auri Lavinia Williams, baƙar fata 'yar rawa, abin da ya sa da yawa cikin abokansa Turawa suka ja baya. A watan Satumban 1938 ya ɓace daga New York. Matarsa ta ɗauka sace shi aka yi. Marubucin tarihinsa Albert Glinsky ya gano cewa bashi da haraji sun yi masa katutu, ya tafi da ƙafarsa. Ba su sake haɗuwa ba har ta rasu a 1989.

Gida bai karɓe shi ba. A 1939 aka kama shi, aka yanke masa ɗaurin shekara 8, aka tura shi sansanin bauta na Kolyma. Daga baya aka mayar da shi wani kurkukun masana, inda ya yi aiki tare da Andrei Tupolev da Sergei Korolev. A nan ne basirarsa ta koma hannun 'yan leƙen asiri. A watan Agustan 1945 wasu yaran Sobiyet suka bai wa jakadan Amurka Averell Harriman kyautar tambarin Amurka da aka sassaƙa da katako. A cikinsa akwai na'urar da Theremin ya ƙera, ba batir, ba waya. Daga waje ake haska ta da igiyar rediyo, maganar da ake yi a ɗaki ta girgiza wani siririn faifan ƙarfe, girgizar ta sauya cajin lantarki, kamar dai yadda hannu ke yi wa eriyar kiɗa. Shekara 7 tana rataye a gidan jakadan kafin a gano ta a 1952.

An sake shi a 1947, ya ci gaba da yi wa hukumar leƙen asiri aiki har cikin shekarun 1960. A Yamma an ɗauka ya mutu. Amma Robert Moog, wanda ya fara sana'a da sayar da kayan haɗa theremin a gida, ya riƙe dabarar, kuma Jimmy Page na ƙungiyar Led Zeppelin yana kaɗa ta a dandamali tare da jitarsa. Da jaridar New York Times ta ba da labarin yana raye a 1967, ba a jima ba aka kore shi daga makarantar kiɗa ta Mosko, aka lalata kayansa.

Sai a 1989 ya sake fita waje, zuwa bikin kiɗa na Bourges a Faransa, sannan Amurka a 1991. Ya rasu a Mosko ranar 3 ga Nuwamban 1993, yana da shekara 97.