Tarihin Dorugu, Bahaushen da Ya Ga Turai Tun 1855

A duk lokacin da aka zo maganar matafiyan da suka ratsa ƙasar Hausa a ƙarni na 19, sunayen Turawa ake fara ambata, irin su Clapperton da Barth. Ba kasafai ake tunawa da Dorugu ba, yaron da ya bi ɗaya daga cikinsu har ƙasarsu, ya ƙare wa Turai kallo kamar yadda su ma suka ƙare wa ƙasarmu, sa'an nan ya ba da labarinta da Hausa.

An haifi Dorugu wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance, cikin ƙasar Damagaram. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. Yana ɗan yaro mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta cinikinsa har ya faɗa hannun wani Balarabe a Kukawa, babban birnin Barno na lokacin. A can ne wani Bajamushe mai suna Adolf Overweg ya fanshe shi, shi da wani yaro Margi mai suna Abbega, ya 'yanta su. Da Overweg ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin 1852, sai yaran biyu suka koma hidimar abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim.

A watan Nuwamba na 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma. Suka bi ta Damagaram da Katsina, suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba a kusa da Wurno, suka isa Gwandu a watan Mayu na 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Gwandu ba ta da nisa da Aliero da Jega, kuma Barth ya ambaci Jega a littafinsa a matsayin garin kasuwa, domin ta nan fataken goro ke bi zuwa Gwanja. A Gwandu ne Barth ya sami aron littafin Tarikhus Sudan, ya kwafi abin da ya iya kwafa. Daga nan suka wuce Birnin Kebbi, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka shiga Tambutu ranar 7 ga Satumba, 1853. Sun yi wata takwas a wannan yanki cikin zaman ɗar-ɗar, Shaihu Ahmadul Bakka'i ne ya tsaya musu har suka fita lafiya. A kan hanyar komowa suka sake bi ta Gwandu, suka ratsa Kano, suka koma Kukawa a ƙarshen 1854.

Tafiyar da ta fi ba Dorugu mamaki ita ce ta arewa. Sun bar Barno a watan Mayu na 1855, suka yi fiye da wata uku a kan raƙuma cikin hamada, ta Bilma da Murzuk, kafin su sauka Tarabulus a ƙarshen Agusta. Daga nan Bahar Rum ce kaɗai ta raba su da Turai. Suka shiga jirgin ruwa zuwa tsibirin Malta, daga can zuwa Marsai, babbar tashar jiragen ruwa ta kudancin Faransa. Jirgin ƙasa ya ɗauke su zuwa Faris, suka ƙetare mashigin ruwan da ya raba Faransa da Ingila, ranar 6 ga Satumba suna Landan. Wato tsakanin Tarabulus da Landan ba su yi ko mako biyu ba.

Mai karatu ya auna abin da yaro ɗan shekara goma sha biyar ya gani. Barth ya ƙiyasta mazaunan birnin Kano da mutum 30,000, alhali Landan a lokacin ta haura miliyan biyu. Turai nahiya ce ƙarama idan aka kwatanta ta da Afirka, amma teku ya kewaye ta ta gefe uku, ga manyan koguna da jirage ke shiga har cikin birane, kamar Temis a Landan da Elbe a Hambug. Wannan ne ya sauƙaƙa wa mutanenta ciniki da tafiye-tafiye. Dorugu ya je Hambug ɗin, garin su Barth, a zamanin da Jamus ba ta zama ƙasa ɗaya ba tukuna, domin sai a 1871 aka haɗe ta.

A 1856 Barth ya shirya mayar da yaran gida, amma wani ɗan mishan mai nazarin Hausa, James Frederick Schön, ya karɓe su ya sauke su a gidansa a yankin Chatham. An yi musu baftisma, aka sa wa Dorugu suna James Henry. Abbega ya komo a 1857, daga baya ya zama sarkin Lakwaja. Dorugu kuwa ya zauna har 1864, yana faɗa Schön yana rubutawa: labarin rayuwarsa, da tatsuniyoyi, da kalmomi. Da wannan taimako Schön ya buga littafin nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885.

A cikin wannan littafi na ƙarshe ne labarin tafiyarsa yake. Ya bayyana jirgin ruwa da jirgin ƙasa, da yadda Ingilishi ke zama cin abinci, da tufafin matansu, duk da idon Bahaushe mai lura, ba tare da ya raina kansa ko ya kambama masu masaukinsa ba. Sai dai sunan Schön ne a bangon littattafan.

Bayan komowarsa ya yi aikin tafinta ga Turawa dabam-dabam. Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano cikin 1909, Dorugu yana cikin waɗanda suka koyar da karatun boko a can. Ya rasu a Kano cikin 1912. A cikin kayan da ya bari an sami tabarau masu yawa da wasu tsarabobin Turawa da ya daɗe yana adanawa.

A 1971 Kirk-Greene da Paul Newman suka fassara labarinsa zuwa Turanci. Ya kamata ɗalibanmu, musamman na ƙasar Gwandu inda ya taka sau biyu, su nemi na Hausar su karanta, domin yana cikin rubutun boko mafi daɗewa da ya fito daga bakin Bahaushe.