Taƙaitaccen Tarihin Marigayi Samuel Okwaraji (1964–1989)

Gabatarwa

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Inugu, da kewayen Kasuwar Ose Okwodu ta Anacha, da wuya a rasa yaron da ke mafarkin zuwa Turai buga ƙwallo. Wannan maƙala za ta kawo tarihin wani ɗan wannan yanki da ya cika wannan buri, amma ya rasa ransa a tsakiyar fili yana da shekara 25.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Samuel Sochukwuma Okwaraji ranar 19 ga Mayu, 1964, a Orlu da ke Jihar Imo ta yanzu. Yana saurayi ya tafi Italiya, inda ya karanta fannin shari'a a birnin Rum. Bai ajiye littafi saboda ƙwallo ba, ya haɗa biyun. Ya buga wa Dinamo Zagreb ta tsohuwar Yugoslabiya, da Austria Klagenfurt, sannan ƙungiyar Stuttgart ta Jamus ta ɗauke shi ta ba da aronsa ga SSV Ulm.

Hidimarsa ga Ƙasa

Ya fara buga wa ƙungiyar ƙasa ta Green Eagles a 1988, a wasa da Aljeriya a Inugu. A shekarar ce ya je gasar cin kofin Afirka a Maroko, inda ya jefa wa Kamaru ƙwallo minti biyu kacal da take wasa. Nijeriya ta zo ta biyu a gasar. Daga nan ya halarci wasannin Olamfik a birnin Seoul.

Sai dai ya sha matsi ta ɓangare biyu. An ruwaito cewa ƙungiyarsa ta Jamus ta nemi hukumar ƙwallon Nijeriya ta biya kuɗi masu yawa kafin ta sake shi, shi kuwa ya tsaya kai da fata, a matsayinsa na masanin shari'a, cewa ba mai hana shi buga wa ƙasarsa. Ga ƙungiya tana ja, ga ƙasa tana kira, ga doguwar tafiya tsakanin Turai da Afirka, duk a kan jikin matashi guda.

Rasuwarsa

Ranar Asabar 12 ga Agusta, 1989, Nijeriya ta kara da Angola a babban filin wasa na Surulere a Legas, a wasan neman zuwa gasar cin kofin duniya ta 1990. Filin ya cika ya batse fiye da ƙima, har wasu 'yan kallo suka mutu saboda cunkoso da zafi. A minti na 77 Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Ko da aka tashi wasa da ci ɗaya da nema, murna ta koma ciki, domin rai ya yi halinsa. Binciken likitoci ya nuna cewa zuciyarsa ta kumbura kuma yana da hawan jini. Bayan mako biyu Kamaru ta doke Nijeriya a Yawunde, ta hana ta zuwa gasar.

Abin da Ya Biyo Baya

An sa wa filin wasan Orlu sunansa, an kuma kafa mutum-mutuminsa a filin Surulere. Amma irin mutuwarsa ba ta tsaya ba. A 2003 Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi ya mutu a birnin Lyon na Faransa, abin da ya sa FIFA ta tilasta gwajin lafiyar 'yan wasa kafin gasar duniya ta 2006. A watan Maris na 2020 kuma Chineme Martins na Nasarawa United ya faɗi a Lafiya a wasa da Katsina United, motar ɗaukar marasa lafiya ta ƙi tashi, shi ma ya rasu.

Kammalawa

Okwaraji yana da ilimi da suna da bakin magana, amma duk da haka ba a gano ciwonsa ba sai bayan mutuwarsa. To ina ga yaro ɗan shekara 15 da mai horarwa zai ce ya daure ya ci gaba da gudu, ko wanda dillali zai karɓi kuɗin iyayensa da alkawarin Turai? Tun 2001 dokar FIFA ta hana fitar da ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba zuwa wata ƙasa, sai da wasu sharuɗɗa kaɗan. Don haka ya kamata iyaye su san wannan doka, su kai yaro a auna masa zuciya da jini kafin ya shiga ƙungiya, kuma kada a raba shi da makaranta. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani.