Abdu Mumuni Diofo, ɗan Tasawa da ya sa rana aiki

Jama'a, duk wanda ya bi ta Malbaza ya san tashar lantarki mai aiki da hasken rana, mai megawat 7, da aka buɗe a 2018. To, tun kafin a haifi da yawanmu wani ɗan Tasawa ke wannan fama, wato Farfesa Abdu Mumuni Diofo.

An haife shi ran 26 ga Yuni 1929. Ya karanci kimiyyar fizik a Faransa, ya samu digirin dakta a 1967. Bincikensa kan madubi ne mai zurfi kamar kwano, wanda ke tara hasken rana wuri guda har ya koma zafi mai tsanani. Tara haske ɗin nan ba wasa ba ne: a Amurka yau, hasken leza 192 ake haɗawa cikin ɗan gwangwanin zinari don a kwaikwayi wutar cikin rana.

Shi kuwa tukunyar gida ce damuwarsa. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ofishin ONERSOL a Yamai, inda aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da na dafa abinci ba tare da itace ba, a ƙasar da daji ke ƙarewa.

Ya rasu ran 7 ga Afrilu 1991. Jami'ar Yamai, wadda ya taɓa shugabanta, sunansa take ɗauke da shi. Allah ya jiƙansa.