Alessandro Volta, malamin da ya ƙirƙiro batir

Ku ɗauki batir ɗin da ake sa wa rediyo ko tocila, irin wanda masu tebur ke sayarwa a kasuwar Dassasgho, ku duba jikinsa da kyau. Za ku ga alamar + a kai ɗaya da alamar – a ɗaya kan. Za ku kuma ga an rubuta 1,5 V. Wannan harafi na V shi ne farkon kalmar volt, wato ma'aunin ƙarfin wutar lantarki. An samo kalmar ne daga sunan wani malami ɗan ƙasar Italiya, Alessandro Volta.

Yara da yawa sukan haɗa sunansa da tsohon sunan ƙasarmu, Haute-Volta, wanda aka sauya zuwa Burkina Faso ranar 4 ga Agusta 1984. Sunayen sun yi kama, amma ba su da dangantaka. Ƙasar ta samu tsohon sunanta daga kogin Volta. Shi kuwa kogin, matuƙan jiragen ruwa na Fotugal ne suka raɗa masa suna tun kafin a haifi wannan malami, da wata kalma ta harshensu mai nufin juyawa ko kewaya.

Yaron da ya yi jinkirin magana

An haifi Volta ranar 18 ga Fabrairu 1745 a Komo, wani gari da ke bakin babban tafki a arewacin Italiya. Gidansu gidan mutunci ne, amma ba su da dukiya mai yawa. Yaron bai fara magana ba sai da ya kai wajen shekara huɗu, har iyayensa suka ji tsoron ko bebe ne. Yana da kimanin shekara bakwai mahaifinsa ya rasu, sai dangi suka ɗauki nauyin karatunsa.

Da ya shiga makaranta, sai aka ga ashe yaron nan yana da kaifin basira. Ya koyi Latin da Faransanci. Danginsa sun so ya karanta shari'a, waɗansu malamansa kuma sun so ya zama limamin coci. Shi kuwa hankalinsa yana wani wuri. Abin da ke ba shi mamaki shi ne walƙiya da tartsatsin wuta. Wani abokinsa mai suna Gattoni ya ba shi ɗaki da kayan gwaji. Yana ɗan shekara 18 ya fara aika wasiƙu ga manyan masana na Paris da Turin, yana yi musu tambayoyi, yana kuma gaya musu abin da ya gano.

Wutar da ba ta daɗewa

A zamanin nan babu fitilar lantarki, babu rediyo, babu tarho. Masana sun san wutar lantarki, amma ta hanyar guga kawai suke samunta. Ku ma kun san irinta. Idan kuka goga biro na roba a gashin kanku, zai janyo ƴan gutsattsarin takarda. Da hunturu kuma, idan kuka tuɓe rigar nailan cikin duhu, kukan ga tartsatsi. Masanan sun iya tara wannan wuta cikin kwalba ta musamman, amma da zarar an taɓa sai ta fita gaba ɗaya, kamar ruwan ƙwarya da aka kifar. Abin da suka rasa shi ne wuta mai gudana ba yankewa, kamar ruwan famfo.

A 1775 Volta yana koyar da kimiyya a makarantar garinsu. A shekarar ya haɗa wata na'ura mai faranti biyu, wadda idan aka goge ta sau ɗaya za ta yi ta ba da tartsatsi sau da yawa. A 1776 ya shiga kwalekwale a tafkin Majjore, ya motsa laka da sanda, ya ga kumfa na tasowa. Ya tara iskar a kwalabe, ya kusantar da wuta, sai ta kama. Wannan iska ita ake kira metan. Ita ce ke fitowa daga kashin shanu da ake tarawa a rufaffen rami don girki. A ƙarshen 1778 aka naɗa shi malami a jami'ar Paviya, inda ya yi aiki kusan shekara arba'in.

Gardama a kan ƙafar kwaɗo

A garin Bolonya akwai wani likita mai suna Luigi Galvani, wanda ke nazarin jikin dabbobi. Ya lura cewa idan aka taɓa jijiya da tsokar ƙafar mataccen kwaɗo da ƙarfe, sai ƙafar ta zabura kamar mai rai. A 1791 ya buga littafi, ya bayyana cewa wutar lantarki tana cikin jikin kwaɗon, ƙarfen hanya ce kawai da take bi. Labari ya bazu ko'ina a Turai.

Da farko Volta ya yarda, har ya yaba. Amma bai tsaya nan ba, ya maimaita gwajin da hannunsa sau da yawa. Sai ya lura da wani abu: ƙafar ta fi zabura idan ƙarafan da aka yi amfani da su iri biyu ne daban. Ya ajiye kwaɗo, ya gwada da harshensa. Ya ɗora ƙarafa iri biyu a kai, ya haɗa su, sai ya ji wani ɗanɗano mai tsami. Daga nan ya yanke cewa wutar daga ƙarafan take fitowa, kwaɗon yana nuna wucewarta ne kawai.

Masanan Turai suka rabu gida biyu, aka yi shekaru ana gardama. Abin lura shi ne yadda aka yi ta. Idan Galvani ya kawo hujja, sai Volta ya amsa da sabon gwaji. Idan Volta ya kawo tasa, sai Galvani da almajiransa su koma ɗakin aiki. Galvani ya rasu a 1798. Volta ya ga hanya ɗaya ce ta rage masa: ya samar da wuta ba tare da wata dabba ba.

Tulin ƙarafa

Volta ya san cewa akwai kifayen da ke jan mutum da wuta idan ya taɓa su. Masunta na ƙasar Hausa sun san irinsu, wato minjirya. A jikin wani kifin teku mai wannan hali akwai ƴan faya-fayan tsoka da aka jera bisa juna. Sai Volta ya kwaikwayi wannan tsari.

A ƙarshen 1799 ya yanka ƙarafa zagaye kamar kuɗin sile. Ya ajiye jan ƙarfe, ya ɗora tutiya, sannan ya ɗora kwali da ya jiƙa da ruwan gishiri. Ya sake jerawa: jan ƙarfe, tutiya, kwali. Wani lokaci yakan sa azurfa a madadin jan ƙarfe. Haka ya yi ta ɗorawa har suka yi tuli. Da ya jiƙa hannuwansa ya taɓa sama da ƙasa, sai ya ji wuta ta ja shi. Ya sake taɓawa, ta sake jansa. Da ya ƙara yawan ƙarafan, sai ƙarfinta ya ƙaru. A karo na farko a duniya an samu wuta mai gudana.

Ranar 20 ga Maris 1800 ya rubuta wasiƙa cikin Faransanci zuwa ga Joseph Banks, shugaban babbar ƙungiyar masana ta Landan. Ya bayyana yadda ake haɗa abin dalla-dalla, domin duk mai shakka ya gwada da kansa. Da Faransanci, kalmar pile tana nufin kayan da aka jera bisa juna. Shi ya sa har yau a Wagadugu da Yamai ake ce wa ƙaramin batir pil.

A watan Nuwamba 1801, a Paris, Volta ya nuna aikinsa a gaban masana da Napoleyon Bonapart, aka ba shi lambar zinariya. A 1810 Napoleyon ya ba shi sarauta. Duk da haka ya fi son zaman gida tare da matarsa Teresa, wadda ya aura a 1794, da ƴaƴansu maza uku. Ɗaya daga cikinsu ya rasu a 1814 yana saurayi, abin ya girgiza uban ƙwarai. A 1819 ya yi murabus, ya koma gonarsa a ƙauyen Kamnago kusa da Komo. Ya rasu ranar 5 ga Maris 1827, yana da shekara 82. A 1881, a wani babban taro a Paris, masana suka amince a kira ma'aunin ƙarfin lantarki volt don tunawa da shi.

Wa ya yi gaskiya?

Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya. Volta ya yi daidai: ana samun wuta daga ƙarafa biyu da ruwan gishiri. Amma ya ɗauka haɗuwar ƙarafan ce kaɗai ke haifar da ita. Masanan da suka biyo baya suka nuna cewa ruwan yana cin tutiyar a hankali, daga wannan cin ne wutar ke samuwa. Galvani ma bai ɓata ba, domin jijiyoyi da zuciya suna aiki da ƴar ƙaramar wutar lantarki. A asibiti akwai na'urar da ke auna ta zuciya. Da ɗaya ya yi shiru don jin nauyin ɗaya, da ilimi ya yi asara.

Jikokin tulin Volta

A 1859 wani Bafaranshe, Gaston Planté, ya haɗa batir na darma wanda ake sake cika shi da wuta. Shi ne kakan batir ɗin mota. A 1866 wani Bafaranshen, Georges Leclanché, ya haɗa wanda ya zama tushen batir ɗin tocila. A 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batir na litiyom, irin wanda ke cikin wayar salula.

Dabarar dai ɗaya ce: abubuwa biyu daban da wani abu mai danshi a tsakani. A batir ɗin tocila na yau da kullum, gwangwanin na tutiya ne, shi ne –. A tsakiya akwai sandar gawayi mai hular ƙarfe, ita ce +. Baƙin garin da ke kewaye da sandar daga manganis ake yin sa, ma'adinin da ƙasarmu ke da shi a Tambao, can arewa.

Yanzu za ku iya amsa tambayoyin da ake yawan yi. Me ya sa ake jera batura kai da gindi? Domin ƙarfinsu ya haɗu, kamar yadda Volta ya jera ƙarafansa: biyu suna ba da volt 3, huɗu suna ba da volt 6. Me ya sa batir ke mutuwa? Domin sinadaran da ke ciki sun cinye. Shanya shi a rana yakan farfaɗo da shi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da abin da ya ƙare. Me ya sa wani lokaci yake tsiyaya ya ɓata rediyo? Domin tutiyar ta huje. Saboda haka a cire mataccen batir da wuri. Me ya sa batir ba ya jan mutum, amma wutar gida tana kisa? Domin shi volt 1,5 ne, na mota 12, wutar SONABEL kuwa 220. Kada ku taɓa ta ko da wasa.

Mataccen batir ba abin wasa ba ne. Kada a fasa shi, kada a jefa shi a wuta ko a rijiya, kada a sa shi a baki. Ƙaramin batir mai kamar maɓalli, na agogo, yana iya ƙona maƙogwaron yaro idan ya haɗiye shi. Ku nisanta shi daga ƙannenku. Idan hakan ta faru, a garzaya asibiti nan take.

Kalmomi

Tutiya: le zinc. Jan ƙarfe: le cuivre. Darma: le plomb. Gwaji: l'expérience. Ma'auni: l'unité de mesure. Tafki: le lac.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Volta, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa iyayensa suka damu da shi yana ƙarami?
3. Mene ne bambancin ra'ayin Galvani da na Volta?
4. Waɗanne abubuwa uku Volta ya jera bisa juna?
5. Rediyo na cin batura shida masu volt 1,5, an jera su kai da gindi. Volt nawa ke nan?
6. Idan ka saɓa da abokinka a kan wani abu da za a iya gwadawa, yaya ya kamata ku yi?

Aiki

Tare da malam, ku soka wayar jan ƙarfe da ƴar tutiya a jikin lemun tsami, kada su taɓa juna. Ku aro ma'aunin volt wurin mai gyaran rediyo, ku auna. Sannan ku haɗa lemo uku a jere, jan ƙarfen wannan da tutiyar wancan, ku sake aunawa. Ku rubuta abin da kuka gani cikin Hausa da Faransanci.